Yadda Na Ciyar da Surukina a Kuala Lumpur

A zamaninmu, in mutum ya je gidan surukansa ba wanda zai ga lomarsa. Gida yana da zaure, yana da soron ciki, yana da ɗakin baƙi. Sai a kai masa akushi can, a ja masa ƙofa, ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu ya fito kamar wanda bai taɓa sanin yunwa ba. Kunya ba ta cutar da kowa, domin ginin gidan ne yake ɗauke mata nauyi. Ni kaina shekara talatin da ɗaya na yi da mahaifin matata Hajiya, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ganin bakina yana motsi ba sai a gaisuwa. Yanzu kuwa 'ya'yanmu suna zaune a saman benaye a ƙasashen mutane, ɗaki biyu da falo, tebur ɗaya, kicin ko ƙofa babu. Sun tafi da kunyar, sun baro zauren a gida.

Ana kiran assalatu muka fita daga gida, ni da Hajiya da akwati huɗu. Uku daga ciki kayan miya ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, har da garin ɗanwake. Kilishi kaɗai na hana, don ni tsohon likitan dabbobi ne, na san abin da ake yi wa nama a bakin iyaka. Nawa kayan kuwa kaftani biyar ne da 'yar jakar sanyi da nake ajiye allurar ciwon sugana. Za mu Malesiya ne bikin 'yarmu ta fari, wadda ta gama digirinta na biyu. Mijinta kuma, wanda nake kira Malam, yana shirin zama gaban masu jarrabawa a mako mai zuwa don ya kare kundin digirinsa na uku.

Muka yada zango a Addis Ababa, muka sake tashi, muka yi ta tafiya har ƙafafun Hajiya suka kumbura. Ranar Lahadi da hantsi muka sauka. Ana buɗe ƙofar filin jirgin zafi ya rufe mu, ba irin namu mai ƙona fata ba, irin na ɗakin da aka dafa ruwan wanka a ciki. Malam ne ya zo tarbarmu. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya gaishe mu, Sinawa da Indiyawa suna ratsa shi da akwatunansu. Na ga ya rame, amma na ce karatu ne.

Daga filin jirgi zuwa cikin gari kusan awa guda ce, hanya sumul, gefe da gefe gonakin kwakwar manja a jere kamar ɗaliban makaranta. A hannun hagu suke tuƙi, yadda muke yi kafin mu koma dama ina saurayi, sai na ji kamar an mayar da ni baya. Ana biyan kuɗin hanya a wurare da yawa, amma ba ka ganin hannun kowa, kati ake dangwalawa sandar ta ɗaga. Na zauna a Balijiyam, na yi aiki a Maraɗi da Khartum, na ga Alƙahira da Dubai, amma ban taɓa ganin birnin da daji yake biyo shi har cikin tsakiya kamar wannan ba. Ko gadar siminti ce sai ka ga ganye ya tsiro a jikinta.

Gidansu yana hawa na goma sha bakwai, kusa da titin Semarak inda jami'arsu take. Suka ba mu ɗakinsu. 'Yata da jikata suka koma ƙaramin, Malam kuma ya shimfiɗa katifa a falo tsakanin takardunsa. Jikar tawa shekararta biyar, kuma tun ranar farko ta ƙi aurena. Na ce mata, "Amarya, ga angonki ya zo," ta dube ni sama da ƙasa ta amsa da Male, yaren ƙasar, uwarta ta fassara: wai na tsufa, kuma gemuna yana da kaifi. Atuk take kirana, wato kaka.

'Yata ta tashi da jin labarin shekara biyun da na yi ina karatu a Balijiyam, inda na rayu a kan burodi da ƙwai da kifin gwangwani, ina wuce gidajen abinci ina shaƙar ƙamshi, ba halin shiga don ban san abin da ke cikin tukunyarsu ba. To ashe ta riƙe wannan a ranta. Ta ce a garin nan duk abincin da na shinshina ta taga akwai na halal ɗinsa, kuma sai ta ciyar da ni shi ɗaya bayan ɗaya kafin in koma. Ta yi mini bayani cewa allo iri biyu ne a ƙofar shaguna: akwai masu cewa ba sa sa naman alade kawai, akwai kuma masu takardar halal ta hukuma. Na biyun muke nema.

Ranar Litinin da rana muka fara da na Faransa. Ba irin wanda ake sa kwat a shiga ba ne, ɗan shago ne a layin tsofaffin kantuna, tebur takwas, an rubuta abincin ranar da alli a bango. Mai wurin Bafaranshe ne mai furfura, matarsa 'yar ƙasar ce, ita ce a kan murhu. Na gaishe shi da Faransanci, ya yi dariya ya ce rabon da ya ji irin wannan Faransancin tun daga bakin kakansa. Na ce ai shi ne na asali, naku na yanzu duk kun haɗiye rabinsa. Sannan na yi masa tambayoyin wanda ya shekara yana duba mayanka: ina kuke sayen agwagwa, wa ya yanka, me kuke zubawa a miya a maimakon giya? Ya amsa duka ba tare da ya ɓata rai ba, har ya fito mini da kwalbar ruwan tsamin inabi na duba.

Aka kawo miyar albasa, an ɗora mata yankan burodi da cuku an gasa har ya yi ja. Cokali ɗaya na kai na gane abin da na rasa shekara arba'in. Albasa ce kawai, amma an bar ta a wuta a hankali har ta manta da yajinta ta koma zaƙi. Hajiya ta tambayi kuɗin kwanon, 'yata ta juya mata shi zuwa naira, ta ajiye cokali ta ce da wannan ai sai ta sayi kwandon albasa a 'Yankaba har da kuɗin ɗan dako. Amma ta shanye tas. Cinyar agwagwar kuwa an dafa ta cikin kitsenta har naman yana zamewa daga ƙashi. Ban taɓa zaton agwagwa, wadda muke rainawa a gida, tana da wannan daraja ba.

Sai na lura gaban Malam babu komai.

"Malam, ba ka zaɓa ba."

"Ina azumi ne, Baba."

Litinin ce, don haka na ce Allah ya ba da lada, na ci gaba da agwagwata.

Talata muka shiga Kampung Baru, tsohuwar unguwar 'yan ƙasar da ke tsakiyar birni. Gidajen katako ne a kan ƙafafu, da ayaba a tsakar gida da kaji suna kiwo, ga dogayen benaye na gilashi sun kewaye su kamar baƙi sun zo kallon mai gida. Mutanen sun ƙi sayar da gidajensu, kuma na ji sun burge ni. Muka ci shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan kifi da wani jan yaji mai zaƙi. Daga nan muka wuce titin Tuanku Abdul Rahman inda kantunan yadi suke, Hajiya ta shiga neman mayafai kamar wadda aka aiko daga unguwa guda. Awa huɗu muka yi. Malam ne yake riƙe da ledoji, shi ne mai ciniki, shi ne mai tare tasi. A wurin shinkafa ya ce ya ƙoshi. A wurin ruwan kwakwa ya ce ya ƙoshi. Mutanen ƙasar nan gaisuwarsu ma tambayar abinci ce, in sun gan ka sai su ce ka yi makan, wato ka ci? Na ji mai gadin gidansu ya tambaye shi da yamma, ya yi murmushi kawai ya wuce.

A nan na gane. Ba sai an faɗa mini ba, don ni ma na yi. Tun safe yana tare da mu har magariba, in mun koma gida Hajiya tana zaune a falo tana kallon kicin. Ba shi da inda zai ɓuya ya ci sai mun shige ɗaki. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne, na san maganinsa.

Laraba aka yi bikin 'yata. Ta sa doguwar riga da hula mai tuntu, aka kira ta ta hau ta karɓa, Hajiya ta yi guɗa a tsakiyar ɗakin taro har wani farfesa ya waiwayo. Daga nan muka wuce gidan abincin Balijiyam, a ƙasan wani babban kanti. Ina shiga ƙamshin ya mayar da ni titin da nake bi zuwa makaranta cikin sanyi. Su dankalinsu sau biyu suke soya shi, kuma da kitsen sa, ba da mai ba, shi ya sa bayansa yake ƙaras-ƙaras cikinsa kuma kamar auduga. A can ban taɓa ci ba don ban san kitsen wace dabba ba ne. A nan mai dafawar ya nuna mini kwalin na karanta da idona. Aka kawo baƙar tukunya cike da wani abin teku mai ɓawo biyu, irin makankarin da ake tsinta a bakin kogi, an turara shi da albasa da ganye. Hajiya ta leƙa ta ce ita ba ta cin abin da ya zo da gidansa. Aka kawo mata naman sa da aka dafa ya yi lugub, da wata waina mai ramuka kamar saƙar zuma.

Na sa aka ajiye wa Malam faranti cike, sannan na yi abin da surukan kirki suke yi. Na miƙe na ce wa Hajiya ta zo ta taya ni zaɓen dadduma a wani shago da na hango a ƙetaren titi. Ta gane nufina nan take, ta ɗauki jakarta. Za mu ba shi minti ashirin shi da matarsa.

Ba mu kai ƙofa ba na ji takunsa a bayana, da lema a hannu.

"Baba, hadari ya haɗo. Kuma titin nan sai ta gada ake ƙetare shi."

"Malam, na ƙetare tituna a Brussels tun ba a haife ka ba. Koma ka zauna."

"To, Baba," in ji shi, ya buɗe lemar a kan Hajiya.

Haka muka je muka sayi daddumar da ba ma bukata. Ruwan nan nasu na la'asar ya sauko kamar ana juye randa, muka fake rabin awa. Da muka dawo dankalinsa ya yi laushi ya kwanta, 'yata tana zaune ta haɗa tagumi. Aka yi tapau ɗinsa, wato aka ƙunshe mana muka tafi da shi gida. Kunyar da ta hana shi ci a gabana ita ce ta hana shi barina in fita ni kaɗai. Ta kowace ƙofa na bi sai in tarar ta riga ni.

Alhamis ya sake ɗaukar azumi. Juma'a muka je masallacin Kampung Baru ni da shi. Huɗubar da yarensu aka yi, amma ayoyin namu ne, kuma na ji daɗin yadda suke jera takalma ba mai taka na wani. Muna hawa matakalar tashar jirgin ƙasa na cikin gari, sai na ga ya kama ƙarfen gefe, ya dafe ciki, ya zauna a kan matakala. Gumi ya jiƙa masa riga, leɓɓansa sun yi fari. Duk da haka cewa yake, "Ba komai, Baba, yanzu zai wuce."

Na tare tasi da hannuna na ce a kai mu asibiti mafi kusa. Likitar wata 'yar Indiya ce mai gajeren gashi, ba ta da wasa. Ashe ta san shi. Gyambon ciki gare shi tun bara, kuma ta riga ta gaya masa ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ya bar kofi, ya dakata da azumin nafila. Ta tambaye shi me ya ci tun safe, ashe bai ci komai ba. Ta juyo gare ni ta ce, in ya ci gaba a haka gyambon zai iya fara zubar da jini, kuma ranar Laraba a kan gado zai kasance, ba gaban masu jarrabawa ba. A hanyar komawa na tambaye shi me zai faru in ya rasa ranar. Ya ce ɗaya daga cikin masu jarrabawar daga wata ƙasa zai zo, sake haɗa su sai bayan watanni, takardar zamansa kuma saura mako bakwai ta ƙare. Shekara huɗu ke nan na aikinsa.

Da yamma muka zauna a ɗaki ni da Hajiya da 'yata.

"Abba, na yi magana har na gaji lah," in ji 'yata, da "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar suke liƙa wa ƙarshen magana. "Cewa yake babansa bai haife shi don ya tauna a gaban Umma ba."

"Ai gaskiya ya faɗa," in ji Hajiya. "Yaro mai tarbiyya ke nan. Mu koma otal kawai, Alhaji, ko mu rage kwanakinmu."

Na ce in muka koma otal zai ɗauka ya kori surukansa daga gidansa, kuma kullum zai zo ya tsaya a ƙofar otal ɗin tun safe, ba ci ba sha. In muka rage kwanaki kuwa, har ya mutu ba zai yafe wa kansa ba. Hajiya ta ce to in na zubar masa da kunya yau, gobe kada in yi kuka in ya miƙe ƙafa a gabana. Na ce na ji. Washegari da safe na ba shi umarni kai tsaye ya zauna ya karya. Ya ce "To, Baba," ya ɗauki kofin ruwan zafi ya fita baranda.

Ranar Asabar ɗin nan ce 'yata ta tsara za mu ci na Sin. Yawancin gidajen abincin Sinawa a garin ba namu ba ne, amma akwai na Sinawa Musulmi, kuma ɗaya daga cikinsu muka je da azahar. Mai wurin dattijo ne da farar hula, daga arewa maso yammacin ƙasarsu. Turancinsa kaɗan ne, na jarraba Larabci, sai fuskarsa ta washe, ashe a Sham ya yi karatu. Muka gaisa kamar a Harami. Ta cikin gilashi ana ganin mai dafawa yana jan ƙullin fulawa da hannu, ya ninka, ya sake ja, har ya zama taliya sirara kamar zare. Ana gasa naman rago a tsinke da wani yaji mai ƙamshi, ba shi da maraba da tsirenmu sai rashin ƙuli.

Teburinsu zagayayye ne, a tsakiyarsa akwai faifan gilashi mai juyawa. Ba a ba kowa farantinsa cike. Duk abincin a kan gilashin ake jerawa, kowa da ɗan kwanonsa, in kana son abu sai ka juyo shi gabanka. Na gaya wa dattijon cewa a cikinmu akwai mai ciwon ciki. Ya ce in bar masa. Sai ga shi da tukunyar kunu rawaya, na wata ƙaramar ƙwaya 'yar'uwar geronmu, ya ce a garinsu shi ake ba mai jego da mai ciwon ciki. Na ce ashe har a Sin mai jego kunu take sha.

Aka jera taliya a romo, da tsire, da kifi da aka turara da citta, da ganye. Na shiga bayan gida na yi abin da nake yi kafin kowane abinci, na dawo na zauna. Kowa ya yi bismillah ban da Malam, wanda ya ja kujerarsa baya kaɗan ya riƙe kofin shayi. Ni ma na naɗe hannuwana.

"Abba, ba ka fara ba," in ji 'yata.

"Na yi allurata minti biyar da suka wuce," na ce. "Kin san abin da take yi mini in ban ci ba. To ba zan taɓa komai a teburin nan ba sai Malam ya riga ni."

Ta saki cokali. Hajiya ta ce, "Alhaji, wace irin rigima ce wannan da tsufanka?"

"Baba, don Allah," in ji Malam. "Don girman Allah ku ci. Wallahi na ƙoshi."

"Kada ka rantse. Ni ma na faɗi wannan kalmar shekara talatin, na san nauyinta. Ka ce girmama ni kake yi, ko? To ga ni. In na faɗi a nan kai za ka ɗauke ni, kuma ba ka da ƙarfin."

Akwai dabino uku a aljihuna ko da sugan zai sauka, ban gaya wa kowa ba. Ni ba mahaukaci ba ne. Amma da gaske nake, kuma sun ga haka a fuskata. Mai jan taliya yana ta buga ƙullinsa a kan katako. Malam ya dubi ƙasa, ya dubi matarsa, ya saci kallon Hajiya ya sunkuyar da kai. Na gane ni ba ni ne babban dutsen ba.

Hajiya ma ta gane. Ta gyara mayafinta, ta sa yatsa biyu a bakin gilashin ta juya shi a hankali, ba ta dubi kowa ba, har tukunyar kunun ta tsaya daidai gabansa. Sannan ta miƙe, ta ɗauki kwanonta, ta ce wa 'yata, "Taso, iskar fankar nan ta yi mini yawa." Suka koma teburin baya su da jikata, ta zauna ta ba mu baya.

Na ɗebi kunun da kaina na zuba masa. Ya ɗauki cokali. Ya kai na farko kamar mai shan magani, idonsa a rufe. Na ce alhamdu lillahi, na jawo taliyata. Sai dai sandunan nan biyu da suke ci da su suka ƙi ni, duk wadda na kama sai ta zame ta fantsama mini romo a kaftani. Na ce, "Malam, shekara huɗu kana nan, ba za ka koya wa tsoho ba?" Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa, ya gyara mini yatsu. Ashe gwani ne. Ya sha kunu kwano uku, ya ci kifi, na hana shi tsire saboda yaji.

Shekara bakwai yana auren 'yata, kuma sai a ranar na san a kan me yake bincike. Yana neman yadda za a mayar da tarkacen kwakwar manja ya zama gawayin girki mara hayaƙi, kuma yana ganin za a iya yin haka da karan dawa da ɓawon gyaɗa a gida. Na yi masa tambayoyi irin na wanda ya zagaya ƙauyuka, ya amsa wasu, wasu ya ciro biro ya rubuta a takardar goge hannu. Na ce masa kara abincin shanu ne da rani, in ya ƙone shi Fulani za su neme shi. Ya ce bai taɓa tunanin wannan ba. Muka yi awa biyu. Dattijon ya zo ya ƙara mana shayi, ya tambaye ni da Larabci ko ɗana ne. Na ce mijin 'yata ne. Ya ce a wurinsu wannan rabin ɗa ne.

Sauran kwanakin, kullum da safe ni da shi muke sauka shagon mamak na ƙasan gidansu, wato na Indiyawa Musulmi, ya ci ƙwai da burodi, ni in sha shayin da suke ja daga kofi zuwa kofi, ba suga. Da rana Hajiya takan ce kanta yana ciwo ta shige ɗaki daidai ƙarfe ɗaya, ta fito ƙarfe ɗaya da rabi ciwon ya warke. Ba wanda ya taɓa cewa komai a kai.

Ranar Laraba na raka shi jami'a na zauna a ƙarƙashin wata bishiya ina jan carbi. Awa uku ya yi a ciki. Ya fito da ƙafarsa, ya durƙusa a gabana ya ce ya ci, sai 'yan gyare-gyare. Ya ce baƙon farfesan ya tambaye shi me dabbobi za su ci in an ƙone karan, kuma yana da amsa.

Muka taso ranar Juma'a, da akwati huɗun nan cike da mayafai. Hajiya ta yi barci tun daga Addis Ababa har Kano. Na ci miyar albasar Faransa, na ci dankalin da ya yi mini kwalele shekara arba'in, na koyi riƙe sanduna biyu rabi-rabi. Na kuma gane cewa al'ada takan yi sauƙi a inda aka gina ta, ta yi nauyi a inda aka kai ta, kuma babba ne ya kamata ya fara lura da nauyin, don ƙarami ba zai taɓa faɗa ba.

Ina da wasu surukai biyu a Kano. Juma'ar farko da mijin autata ya zo gaisuwa, na sa aka kawo tire ɗaya falona na ce ya matso. Ya ce ya ƙoshi. Sai da muka yi Juma'a uku kafin ya sa hannu. Hajiya har yau ba ta ci a gabansu, su ma ba sa ci a gabanta, kuma ban nemi ta canza ba. Amma ni, tun daga tafiyar nan, duk mijin 'yata da ya shigo gidana lokacin abinci tare muke ci.